Kanjamau da saduwa ta baki: tambayoyin da ake min a ɓoye da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina ba da shawara ne da gwajin HIV, wato ƙwayar cutar kanjamau, a nan cikin garin Kano, kuma tun da na fara akwai tambaya ɗaya da ba a taɓa yi min ita da murya sama ba. Mutum zai shigo a gaisa, ya tambayi gwajin hanta, ya tambayi na sikila, a yi ta kewaye-kewaye, sai ya miƙe har ya kama hannun ƙofa sannan ya juyo ya ce "af Anti na manta, wai dan Allah in mutum ya yi da baki fa?" To wannan da ya ce ya manta ɗin ita ce ta fito da shi daga gida tun safe. Mata kuma yawanci sai su ce wata ƙawarsu ce ta aiko su. Ni ban ga laifin kowa ba, da kunya aka rene mu, amma kunyar nan tana hana mutane barci a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan tana sa su yi sakaci da wanda ya kamata su ji tsoro. Shi ya sa na tattaro tambayoyin yadda ake yi min su. Wanda kalma ta yi wa nauyi ya yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Anti wai da gaske ana ɗaukar kanjamau ta tsotsar al'aura?

Yana iya faruwa amma da wuya ƙwarai da gaske, wuyar da har masu bincike sun kasa yanka mata lamba. Bari in ba ku lissafin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take aiki da shi. A ɗauka wanda ake tarayyar da shi yana ɗauke da cutar, ba ya shan magani, kuma ba a sa kwaroron roba ba. A cikin saduwa 10,000 ta dubura, ana ƙiyasta sau 138 cutar za ta tsallaka zuwa ga wanda aka shige shi. Ta farji kuwa, mace 8 cikin 10,000, namiji 4. Da aka zo kan baki ba su iya saka adadi ba, cewa kawai suka yi ƙasa yake sosai.

Akwai wani bincike da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen, aka fitar da shi a 2002, wanda nake yawan ba mutane labarinsa don yana kwantar da hankali. Mutum 135 aka bibiya, su ba su da cutar amma abokan zamansu suna da ita, kuma hanyar da kawai suke haɗuwa ba kariya ita ce ta baki. An ƙirga fiye da sau 19,000, ko mutum ɗaya bai kamu ba. Duk da haka ba zan ce muku sifili ba ne, domin an samu 'yan tsirarun mutane a duniya da likitoci suka rubuta cewa ta nan suka ɗauka, kuma galibi za ka tarar maniyyi ne ya zuba a bakin da ke da rauni.

To me ya sa haka, baki ai shi ma jiki ne?

Ƙwayar HIV abu biyu take buƙata. Na farko ruwan jikin da take zama a ciki da yawa, wato jini, maniyyi, maziyyi, ruwan farji, ruwan dubura da nonon uwa. Na biyu ƙofar da za ta bi ta shiga jini. Fatar cikin baki Allah ya yi ta da juriya, dubi abin da muke ɗura mata kullum, shayi mai zafi, yajin tsire, ƙashin kifi, ƙanzo, duk tana ɗauka, ba kamar fatar cikin dubura ba da take siririya abu kaɗan ta tsage. Sannan shi kansa yawu yana da sinadaran da suke dakushe ƙwayar kuma yana sirka duk abin da ya shigo, abin da ya wuce ciki kuma ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya gama da shi.

Wata ta taɓa ce min to ai jariri ta baki yake ɗauka a nono. Gaskiya ne, amma dubi bambancin, jariri yana sha dare da rana wata da watanni, hanjinsa da garkuwar jikinsa ba su yi ƙwari ba. Ba ɗaya yake da babban mutum ba. Kuma ko shi jaririn in uwar tana shan maganinta yadda ya kamata da wuya ya ɗauka.

Tsakanin mai yi da wanda ake yi wa, wa ya fi shiga haɗari?

Mai yi, wato wanda ya sa bakinsa. Wanda ake yi wa yawu kawai yake taɓa shi kuma yawu ba ya yaɗa kanjamau, sai dai in bakin jini yake zubarwa sosai shi kuma yana da miki a gabansa. A ɓangaren mai yi ɗin ma, wanda ya fi shi ne tsotsar azzakari har a kawo a baki. Na farji ya fi ƙasa, sai dai lokacin al'ada saboda jini.

Wane abu ne yake ƙara haɗarin?

Nan ne nake so a tsaya a karanta da kyau. Duk abin da ya buɗe ƙofa a baki. Dasashi mai zubar da jini, kuma wallahi wannan ya yi yawa a cikinmu, mutum zai yi aswaki ya tofar ya ga ja-ja a ciki ya ɗauka ba komai ba ne, shekara da shekaru. Gyambon cikin baki irin wanda in ka ci mai yaji kake jin raɗaɗi. Wanda aka cire wa haƙori ko aka yi masa wankin haƙori kwanan nan, ramin bai rufe ba. Tsinken sakace da aka caka a dasashi bayan an ci kilishi. Lokacin hunturu da leɓe yake tsattsagewa har ya yi jini. Ciwon maƙogwaro mai tsanani shi ma haka.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, in akwai ƙuraje ko miki a al'aura, ko ciwon sanyi da ba a magance ba, ko jinin haila. Sai babban cikinsu wanda ido ba ya gani, wato yawan ƙwayar a jinin mutumin. Wanda ya kamu sabo-sabo, cikin makonnin farko, ƙwayar tana cika masa jini fal alhali shi bai ma san yana da ita ba, jikinsa garau, yana zuwa kasuwa yana zuwa masallaci. Wannan ya fi yaɗa ta nesa ba kusa ba a kan wanda ya san kansa yana shan magani.

Shawarar da mutane suke mamaki in na faɗa: kar a goge baki da buroshi ko aswaki dab da za a yi, kar kuma a goge da an gama. Na san tsafta ake nufi, amma gugar tana yi wa dasashi 'yan ƙananan yanka da ba a gani. A goge tun da wuri, in lokaci ya yi a kurkure da ruwa kawai.

Ya kawo a bakina, tofarwa ya fi ko haɗiyewa?

Abin da ya fi shi ne kar a bari ya kai ga haka, ku yi magana tun farko ya janye. In ya riga ya faru, kar ki bar shi ya jima a baki, ki tofar ki kurkure da ruwa. In kuma kin riga kin haɗiye kar ki ce za ki sa yatsa ki yi amai, ƙwarzanar maƙogwaro kawai za ki yi, cikin ya fi bakin iya kashe ƙwayar.

Sumba fa? Da shan ruwa a kofi ɗaya, da ci a kwano ɗaya?

Babu. Ku ci tuwonku a kwano ɗaya, ku sha fura da ludayi ɗaya, ku yi musabaha, ku shiga banɗaki ɗaya da buta ɗaya. Sauro ma ba ya ɗauka ya kai wa wani. Yana min ciwo in ji an ware wa mace kofinta da cokalinta a gidan da aka haife ta, na sha ganin wadda wannan wariyar ta fi cutar karya mata zuciya. Abin da ba a haɗawa shi ne buroshi da aswaki da reza da allura, saboda jini. In za ka je wajen wanzami ko mai yankan farce ka tafi da kayanka ko ka ga sabuwar reza an ɓare a gabanka, wannan har don ciwon hanta ma.

In babu cutar a yawu, me ya sa akwai gwajin da ake gogawa a baki?

Madalla da wannan tambaya, don ta rikita mutane da yawa. Gwajin da mutum yake yi wa kansa, irin su OraQuick, wanda ake goga wani ɗan faffaɗan tsinke a dasashin sama da na ƙasa a tsoma a kwalba a jira minti 20, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar yake nema, su ne suke fitowa a ruwan dasashi. Kamar ka ga 'yan kwana-kwana sun yi layi a titi ne, ka san an yi gobara a wani wuri amma ba wutar ka gani ba. Layi ɗaya babu, layi biyu sai ka je asibiti a tabbatar da gwajin jini, kar ka yanke wa kanka hukunci kai kaɗai a ɗaki.

Kuma dan Allah wanda ya riga ya fara shan maganin kanjamau kar ya gwada kansa da wannan, yana iya nuna masa babu alhali akwai. Da irin haka ne wasu suke yarda cewa wani mai maganin gargajiya ya warkar da su, su watsar da ƙwayoyinsu, bayan wata shida a dawo mana da su a kwance.

Maigidana yana ɗauke da ita amma yana shan magani. Ni ba ni da ita. Ina matsayina?

'Yar'uwa, ke kam kina cikin waɗanda suka fi kowa samun sauƙi, in dai da gaske yana shan maganin kullum. Maganin da ake bayarwa yanzu a Najeriya, mafi yawa ƙwaya ɗaya ce a rana da ake kira TLD, magani uku ne aka haɗa a ciki. Yana danne ƙwayar har ta kai injin gwaji ba ya iya ganinta a jini, yawanci cikin wata 6 da farawa. Wanda ya kai wannan matsayi kuma ya dawwama a kai ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa, ba ta baki ba ba ta gaba ba. Wannan ba lallashi ba ne. An yi wani babban bincike a Turai mai suna PARTNER, sakamakon farko ya fito a 2016 na biyu a 2019, an bi abokan zaman da ɗaya yake da ita ɗaya ba shi da ita, saduwa kusan 58,000 a zangon farko, kusan 77,000 a na biyu, duk ba roba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne ƙwayar ta gaza 200 a kowane mililita na jini.

Amma fa sharaɗin shi ne ki gani da idonki. Ku je tare ranar karɓar magani, ki ga takardar awon yawan ƙwayar, ba wai ya ce miki yana sha ba kawai. In gidan ku biyu ne ko uku ko huɗu, kowace mace a gidan tana da haƙƙin ta sani kuma ta yi gwaji, wannan amana ce a wuyan maigida, ba zai gaya wa uwargida ya ɓoye wa amarya ba. In kuma awon nasa bai sauka ba tukuna, ko kina shakkar yana tsallake kwanaki, ki tambayi likita maganin rigakafi da ake kira PrEP wanda marar cutar yake sha don kare kansa, kuma ku riƙa sa roba kafin ya daidaita.

Jiya abin ya faru da wadda ban san matsayinta ba, hankalina ya tashi, me zan yi?

Akwai maganin gaggawa, PEP. Ana fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, in da hali a ranar ma, a sha kwana 28 ba fashi. In awa 72 ta wuce ba ya aiki. Sai dai in baki kawai aka yi galibi likita ba zai ga buƙatar ba ka ba, sai in an haɗa abubuwan can da na lissafa, misali maniyyi a bakin da ke da rauni kuma an san mutumin yana da cutar ba ya shan magani. Ka je ka faɗi gaskiyar abin da ya faru tiryan-tiryan a bar likita ya auna, kar ka je kemis ka haɗa wa kanka.

Bari in ba ku labarin wani matashi. Da sassafe na tarar da shi a kan benci kafin a buɗe, idonsa jajir, wayarsa saura kaɗan ta mutu don kwana ya yi yana bincike a intanet. Hannunsa har rawa yake. Da ya yi bayani, shi aka yi wa, ba shi ya yi ba, wato kusan babu komai a kansa. Na kwantar masa da hankali, sai na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, ban da wannan fa, akwai wata saduwar a 'yan watannin nan? Ya ce e, wata biyu da suka wuce, ta gaba, ba roba, amma wannan ai yarinyar ya san gidansu, mai tsafta ce. Kun ga inda matsalar take. Abin da kusan ba shi da haɗari ya hana shi barci, mai haɗarin kuwa ko a jikinsa don ya san gidansu. Cutar nan ba ta rubutu a goshi, ba ta san gidan mutunci ba, ba ta san mai ƙiba ko siriri ba. Mun yi masa gwaji a kan wancan na wata biyun, ba a kan na jiyan ba.

Yaushe zan yi gwaji in samu tabbas?

In ka yi washegari ba abin da zai nuna game da jiya, matsayinka na da kawai za ka sani, kodayake shi ma yana da amfani. Jiki yana ɗaukar lokaci kafin alamar ta fito. Gwajin da muka saba, na huda yatsa, yana iya kamawa daga wajen kwana 23, amma wani sai ya kai kwana 90. Na ɗakin gwaje-gwaje da ake ɗibar jini a jijiya ya fi saurin kamawa, kwana 18 zuwa 45. Don haka abin da nake ce wa mutane, yi yanzu, in ka ƙagu ka sake bayan sati 6, sannan na wata 3 shi ne mai rufe magana, muddin ba a sake wani abin ba a tsakani. In na wata 3 ya ce babu to babu, ka daina yawon asibiti-asibiti kana sakewa.

Tun da na yi maƙogwarona yake ciwo, ga zazzaɓi, ba alamar ba ce?

Kanjamau ba ta nuna alama washegari. Masu jin wani abu sai bayan sati 2 zuwa 4, zazzaɓi, ciwon maƙoshi, kaluluwa, ƙuraje a jiki, wasu kuma ba sa jin komai sam. Duk waɗannan a Kano ai maleriya da mura da ƙurar hunturu suna kawo su, tashin hankali kansa yana busar da maƙogwaro. Ba a gane ta da alama, gwaji kawai. Amma ciwon maƙogwaron da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Ke nan tunda kanjamau ba ta cika bi ta nan ba, ba wata matsala?

A'a fa, kuma wannan ce amsar da na fi so a riƙe. Kanjamau ce take shan wuyar bi ta baki, sauran 'yan'uwanta hanya ce a buɗe a wajensu. Ciwon sanyi mai fitar da mugunya yana zama a maƙogwaro, sau da yawa ba alama ko ɗaya, mutum yana ta rabawa bai sani ba. Tunjere tana farawa da wani ɗan miki marar zafi a leɓe ko harshe ko al'aura wajen sati 3 bayan haɗuwa, ya warke da kansa mutum ya ce alhamdulillah, alhali ta nutsa cikin jiki ne, bayan shekaru ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, mai ciki kuma ta iya rasa cikin ko ta haifi jariri da ita. Kuma abin takaici allurar fenisilin ce maganinta, ba wani abu mai wuya ba.

Ƙurajen nan masu ruwa da suke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, ƙwayar cuta ce take kawo su kuma tana iya komawa al'aurar abokin zama, don haka in sun fito a haƙura har su bushe su warke. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna HPV da take kawo kansar bakin mahaifa, tana kawo ta maƙogwaro ma har ga maza. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta tun watan Oktoban 2023, dan Allah iyaye a bari a yi musu. Sai ciwon hanta nau'in B wanda ya fi kanjamau saurin kamawa kuma ya fi ta yawa a cikinmu, shi ma yana da rigakafi, babba ma yana iya zuwa a gwada shi in ba shi da shi a yi masa. Ƙarin abin lura, duk wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan masu miki, ya buɗe wa kanjamau ƙofar da da a rufe take.

Ana sa kwaroron roba a irin wannan? Ta yaya?

Ana sawa. Ga namiji yadda aka saba, tun kafin baki ya taɓa, kuma akwai masu ƙamshin 'ya'yan itace a manyan shagunan magani da aka yi su musamman don haka, saboda warin roba ne yake korar mutane. Ga mace, ana shimfiɗa wata 'yar siririyar roba a kai, samunta da wuya a nan amma kina iya haɗawa da kanki. Ɗauki sabon kwaroro, yanke kan da almakashi mai tsafta, yanke zoben ƙasan, sai ki tsaga shi ta tsawo, za ki ga ya baje kamar ɗan hankici. Shi ake shimfiɗawa, gefe ɗaya na jiki ɗaya na baki, ba a juyawa, ba a maimaitawa. A duba ranar lalacewa a jikin ledar, kuma wanda ya kwana biyu a aljihun baya ko cikin mota a zafin Kano a jefar da shi. Kar a shafa masa basilin ko man zaitun ko man shafawa, mai yana cinye roba ta fashe. In an koma saduwa ta gaba a canja sabo.

Ni da an gama nake kurkure baki da ruwan gishiri mai zafi, in sha kafso biyu, ya wadatar?

Bai wadatar ba kuma kana cutar kanka. Kafso ba ya taɓa ƙwayar HIV ko kaɗan, abin da kawai yake yi shi ne koya wa ciwon sanyi taurin kai, ranar da kake buƙatar maganin ya ƙi ci. Na ji har masu kurkurewa da bilic ko maganin wanke rauni, subhanallah, ƙona fatar bakin za ka yi ka buɗe ƙofar da kanka. Ruwa zalla ya isa.

Kayan mata fa, masu zaƙi da ake sawa?

Na sha da na ci irin su dabino da aya da kwakwa ba ruwana da su. Na matsi nake jin tsoro, wanda ba ki san me aka haɗa a ciki ba. Duk abin da ya busar da gaba ko ya sa raɗaɗi to yana ƙwarzanar fatar wajen, mai sikari kuma yana jawo ƙaiƙayi da farin ruwa. Fatar da ta ƙwarzanu ta fi saurin ɗaukar kowace cuta.

Halal ne ko haram?

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, fatawa ta malamai ce, kuma sun yi saɓani a kan wannan tsakanin miji da mata, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa. Abin da zan iya cewa daga ɓangarena, abubuwa biyun da addini ya hana ƙarara ko a cikin aure, saduwa ta dubura da saduwa lokacin haila, su ne dai a likitance ma suka fi haɗari. Sannan ko wane hukunci ka ɗauka, ba a tilasta wa mace abin da ranta ba ya so. Wanda kuma ya zo min da abin da ya faru a wajen aure ba na yi masa wa'azi a ɗakin gwaji, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni burina kar ya kai wa baiwar Allah da ke gida abin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Mun yi gwaji kafin aure, ai shikenan ko?

Gwajin kafin aure abu ne mai kyau ƙwarai. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta shi a jihar Kano, kanjamau da ciwon hanta B da C da sikila, dama can Hisba tana sa a yi a auren gata. Amma takardar matsayin ranar da aka yi gwajin kawai take nunawa. In ɗaya ya kamu sati 2 kafin gwajin ba lallai ta nuna ba, shi ya sa nake so masu shirin aure su yi sau biyu da tazarar wata 3, kuma su je tare su karɓi sakamako tare, ba a aiko da takarda a ambulan ba. In za a ƙara aure a sake, har da uwargida. Mai ciki kuma ta yi a wajen awo.

Wasu suna ce min ai mu nan Arewa ba ta da yawa. Babban ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya, kusan mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Ƙasa yake da na sauran shiyyoyi, gaskiya ne, amma 6 cikin 1,000 a gari mai cikar Kano, tsaya a Kantin Kwari ko Sabon Gari da rana tsaka ka yi lissafin da kanka.

A ina zan yi a Kano, kuma ba za a tona min asiri ba?

Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin Murtala, asibitin Zana, asibitin Nasarawa, duk ana gwaji kuma ana ba da magani, haka ma da yawa daga ƙananan asibitocin unguwanni suna gwajin. Huda yatsa ne, kafin rabin awa ka ji sakamako. Shi maganin kanjamau kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, sai dai ka riƙe ɗan kuɗin kati. Sirrinka haƙƙinka ne, akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wa mai cutar wariya a wajen aiki ko makaranta ko asibiti, ta kuma hana fallasa matsayin mutum ba da yardarsa ba. In kana tsoron haɗuwa da idon sani ba dole sai asibitin unguwarku ba, ɗan Kurna yana iya zuwa Tarauni, 'yar Sharaɗa ta tafi Fagge, mace ta sa niƙabinta ba mai ce mata cire a layi. In ka shiga ba sai ka yi dogon bayani a gaban mutane ba, ka ce kawai ka zo ganin mai ba da shawara, za a nuna maka ɗakin.